Rediyo ko eriya: wanne ya fi cancantar kuɗina?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya, ina sha'awar shiga sahun masu magana da juna ta rediyo don nishaɗi, amma aljihuna ba nauyi. Da wace na'ura zan fara, kuma wace eriya ta dace?

Amsa: Ɗana, fara neman lasisi tukuna, domin doka ba ta yarda a yi magana ba tare da lambar kira ba, wato lambar shaidar da ake ba mai lasisi; ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Sauraro kuwa za ka iya farawa tun yau.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, oba-oba irin Baofeng UV-5R ta isa. Ƙarfinta bai wuce wat 5 ba, tana kuma kama zangon mita 2, wato megahaz 144 zuwa 146. Sai dai 'yar eriyar robar da ke kanta ba ta kai murya nesa, balle a cikin ɗaki mai rufin kwano.

A ganina, a kan eriya ya kamata ka sa himma, ka haɗa taka da kanka. Samo wayar tagulla mai kauri, ka yanka guda biyar, kowace kimanin santimita 50. Ɗaya ta miƙe tsaye, huɗu su karkata ƙasa kewaye da ita kamar haƙarƙarin lema. Ɗaure ta a kan dogon gora bisa soro, saboda wannan zango tsawo yake so fiye da ƙarfin wuta. Wayar da za ta sauko zuwa rediyon kada ta yi tsayi ainun, musamman siririyar RG-58, don tana cinye sigina a hanya. Idan hadari ya taso da damina, cire ta daga rediyon.