Tambaya da Amsa: An shuka jini bai tsiro ba, zazzaɓi kuma bai sauka ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ya yi mako uku yana fama da zazzaɓin dare da gumi da ciwon gaɓoɓi. An yi masa mazra'ar jini, wato gwajin da ake zuba jini a kwalba a jira a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, sakamako ya fito wai babu ƙwayar cuta. To me ke cinsa? Daga wata mai karatu a Gadarif, Sudan.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Abin da takardar ke nufi shi ne ba abin da ya tsiro a kwalbar, wannan kuwa bai wanke shi daga cuta ba.

Fara bincika ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi jinin. Nan aka fi yin ɓarna. Kafso biyu na kemis sun isa su kassara ƙwayar ta ƙi tsirowa, alhali tana nan a jiki.

Sai yawan jinin. Babban mutum ana ɗibar mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba, ɗaya mai iska ɗaya marar iska, a sake ɗiba daga wata jijiyar, domin sau da yawa ƙwayar ba ta kai ɗaya a mililita guda ba. Mai ɗibar mililita 2 don tausayin majiyyaci bai taimake shi ba. Ba a sa kwalbar a firji. Injin ɗumi take so, a digiri 35 zuwa 37, kuma idan wuta ta daɗe a ɗauke, aikin na iya lalacewa.

Amma gumin daren nan da ciwon gaɓoɓi sun fi ɗaukar hankalinmu. Yana shan madarar akuya ko ta raƙumi ba a tafasa ba? Ƙwayar zazzaɓin Malta, wanda ake ɗauka daga irin wannan madara, tana da jinkiri wajen tsiro. Yawanci ana rufe gwaji bayan kwana 5 zuwa 7, ita kuwa a tsohuwar hanya takan kai mako 4. Sai likita ya rubuta zarginsa a takarda kafin a jira ta, kuma ma'aikatan ɗakin gwajin su kare kansu, don tana kama su.

Taifod ma kusan rabi kawai mazra'a ke kamawa. Maleriya da kala'azar, cutar da ke kumbura saifa wadda ta yi katutu a yankinku, ba sa tsirowa a wannan kwalba sam.

Ku koma wurin likita da kwalayen duk maganin da ya sha, a taɓa saifarsa, a yi gwajin zazzaɓin Malta da na kala'azar da ake kira rK39.