Me ya sa wsimport ya mayar da lambar asusu String zalla?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina haɗa manhajarmu da sabis ɗin wani kamfanin biyan kuɗi ta SOAP, wato hanyar musayar saƙonnin XML tsakanin manhajoji. A WSDL ɗinsu, fayil ɗin da ke bayyana tsarin sabis ɗin, an ƙayyade lambar asusu da xs:restriction, dole ta zama lambobi 10 cif. Da na sa wsimport ya fitar min da kod ɗin Java, sai na tarar String ce kawai, ko "abc" na ba ta karɓa take yi. Kuskurena ne ko na kayan aikin?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ba ka yi kuskure ba, haka JAXB, mai fassara tsarin XML zuwa kod ɗin Java, yake tun asali, kuma shi ne wsimport da wsdl2java na Apache CXF suke kira a bayan fage. In ya ci karo da nau'in da aka taƙaita, uwar nau'in yake dubawa. Ya ga xs:string, ya ba ka String, ya bar pattern da maxLength a inda ya same su. Kar ma ka yi sha'awar mayar da ita long da hannunka: lambar NUBAN, wato lambar asusun banki a Najeriya, tana iya farawa da sifili, kuma long zai haɗiye shi.

Wuri biyu ne JAXB yake kula da ƙa'idar. Idan an taƙaita xs:integer da minInclusive da maxInclusive waɗanda int zai ɗauka, int zai ba ka maimakon BigInteger. Sai kuma enumeration, wanda yake zama enum. A nan ne mutane suka fi shan wuya. In ƙimomin sun haura 256, ko kuma irin "01" da "02" ne da ba za su yi suna a Java ba, sai ya koma String. Maganin yana cikin globalBindings na fayil ɗin binding, wato fayil ɗin saitin da kake ba wsimport: ka ɗaga typesafeEnumMaxMembers, ka sa typesafeEnumMemberName ya zama generateName, sai ka samu VALUE_1, VALUE_2. Sunayen ba su da kyan gani, amma suna aiki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ranar da kamfanin ya ƙara wata sabuwar ƙima ba ka sake fitar da kod ba, null za ka tarar a filin, ba ko gargaɗi.

To ina za a duba lambobi goman? A ƙofa, lokacin shigar saƙo da fitarsa. Tun JAXB 2.0 tantancewa a kashe take sai ka kunna. In da hannu kake aiki, ka ɗora XSD ɗin, wato tsarin da ƙa'idojin suke ciki, ta SchemaFactory, ka miƙa shi ga setSchema na Marshaller mai rubuta saƙo da Unmarshaller mai karanta shi. A CXF kuwa, schema-validation-enabled za ka mayar true. Daga nan "abc" ba za ta bar kwamfutarka ba, kuskuren zai fito da sunan ƙa'idar da aka karya. Yana ɗan cin lokaci, amma a harkar kuɗi ni ban taɓa kashe shi ba.

Axis2, wani kayan aikin SOAP na Apache, da ADB ɗinsa mai yin aikin JAXB, wata hanya ya bi: kowane nau'i mai ƙa'ida aji guda yake yi masa, setter ɗin ya duba pattern ya jefa RuntimeException. Sai dai kod ɗin kan yi kauri ƙwarai, ban ga dalilin yin ƙaura saboda wannan kaɗai ba.

Kuma tunda wsimport ka ambata, ka sani an cire shi tare da JAXB daga JDK tun Java 11 a 2018. In za ku sabunta, ku sa shi ta Maven, fayil ɗin binding kuma ya zauna a Git kusa da WSDL, kada wani ya shiga kod ɗin da aka fitar yana gyara da hannu.