Da gaske Beatles da Rolling Stones ba sa ga-maciji?

Tambaya: Malam, ina haɗa shirin rediyo kan kiɗan rock na da. Abokin aikina ya dage cewa ƙungiyoyin mawaƙan Ingila nan biyu, Beatles da Rolling Stones, maƙiyan juna ne, wai kuma Stones kwaikwayon Beatles kawai suka yi. Ina tsoron in faɗa wa masu sauraro ƙarya. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka bari maganar gabar nan ta fita ta bakinka. 'Yan talla ne suka ƙulla ta, jaridun Ingila suka rura wutar, yau kuma masu guntayen bidiyo ke ta yayata ta ba su taɓa duba ko shekara ɗaya ba. Kullum sai an kawo min ita, har ta ishe ni.

Kamfanin faifai na Decca ya ƙi ɗaukar Beatles a 1962. A 1963 George Harrison na Beatles da bakinsa ya ce wa Dick Rowe na Decca ya je ya saurari Stones, shi kuwa ya ɗauke su. A shekarar ce Lennon da McCartney na Beatles suka ba Stones waƙar I Wanna Be Your Man, ta kai ta 12 a jerin waƙoƙin Birtaniya. Maƙiyinka ne zai ba ka waƙar da za ta ɗaga ka? A 1967, Jagger da Richards na Stones suna cikin shari'ar ƙwaya, Lennon da McCartney suka shiga situdiyo suka yi musu amshi a We Love You.

Mai kitsa labarin shi ne manajan Stones, Andrew Loog Oldham, wanda ya taɓa yi wa manajan Beatles, Brian Epstein, aikin talla. Ya ga an sayar da Beatles a matsayin yaran kirki masu kwat, sai ya tallata nasa a matsayin tantirai. Alhali Beatles ɗin a kulob-kulob na dare a Hambug ta Jamus suka goge.

Batun kwaikwayo kam da ƙamshin gaskiya. Faifan Beatles mai suna Sgt. Pepper ya fito a tsakiyar 1967, Stones suka biyo da Their Satanic Majesties Request a Disamba, salon ya yi kama sosai, Lennon ma ya yi ƙorafi a wata hira a 1970. Amma tushen duka biyun mawaƙa baƙar fata ne na Amurka. Faifan Stones na farko waƙar Chuck Berry ce, sunansu kuma daga waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi. A 1968 suka koma blus ɗinsu, wato kiɗan baƙar fatan Amurka, da faifan Beggars Banquet. Sa wa masu sauraronka Chuck Berry tukuna, sannan ka biyo da ƙungiyoyin biyu.