Amsa kan tseren dirag: yadda zakara ke zama a gida don babu mai ɗaukar nauyi

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari muryarka tun la'asar, sai yanzu na rufe shago na samu zama. Ga waɗanda ba su bi maganar ba, bidiyo ya turo na wata doguwar mota mai siririn gaba da ke tsere a Amurka, wuta na fita ta gefenta. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne ya ji mai sharhi na cewa akwai direbobin da suka ci kofi amma suna zaune a gida, wai ba su da mai ɗaukar nauyi. Shi ne yake tambaya, ashe kuɗin da ake ci a gasar ba sa riƙe mutum? Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Amsar a taƙaice, ba sa riƙewa, ko kusa. Amma bari in fara da motar, don in ba ka san abin da take ci ba, ba za ka gane sauran ba.

Wannan shi ake kira tseren dirag. Mota biyu ne, hanya miƙaƙƙiya, babu kwana, wanda ya riga isa layi ya ci. Hukumar da ke shirya babbar gasar sunanta NHRA, Wally Parks ne ya kafa ta a 1951 a Kalifoniya. Wadda ka turo ita ce ajin Top Fuel, akwai kuma 'yar'uwarta Funny Car mai gajeren jiki. A da ƙafa 1,320 suke gudu, wato rubu'in mil. Da Scott Kalitta ya rasu a hatsari a 2008 sai aka rage wa waɗannan aji biyu zuwa ƙafa 1,000, kimanin mita 305. Wannan nisan suna cinye shi cikin ƙasa da daƙiƙa 4, kuma suna isa layi da gudun da ya haura kilomita 530 a awa. Injin kuwa ana ƙiyasta ƙarfinsa ya kai na doki 11,000.

To, ku 'yan gareji ku saurara nan. Ba fetur take sha ba. Wani sinadari ne mai suna naitiro-misen, su dai naitiro suke ce masa, doka ta ce kada ya wuce kashi 90 cikin 100 na abin da ke cikin tanki. Tashi ɗaya, daga kunna mota da ɗumama taya har ƙarshen layi, tana shanye lita 50 ko fiye. Kuma man ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne injin yana cin kansa. Filogi 16 ne, biyu a kowace silinda, kafin a kai layi bakinsu ya ƙone. Babu giya irin tamu, kulochi ne mai faranti da yawa da ke kamawa sannu a hankali, zafi kan sa farantan su manne da juna. Baƙin mai sau ɗaya ake amfani da shi a zubar, don naitiro ya gauraya da shi. Saboda haka duk gudu ɗaya, sai a ja motar zuwa rumfa, mutum bakwai ko takwas su faɗa mata, su sauke kan silinda, su zare fistin, su duba komai, su canja abin canjawa, su mayar, su tayar, duk cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Kai da kake bakanike, ka ɗauka duk lokacin da ka tuƙa daga ƙofar garejinka zuwa ƙarshen layinku sai ka sauke inji. Haka rayuwarsu take.

Wannan fa in an gama lafiya ke nan. In inji ya fashe, kuma yana fashewa, to na'urar da ke ɗura masa iska ta tafi, wani lokacin har da bulok ɗin gaba ɗaya, a Funny Car har jikin motar kan tarwatse. Sannan in ka zubar da mai a kan hanya ka tsayar da gasa, hukuma na iya cin ka tara. Ga asara ga tara.

Yanzu ka ninka. Juma'a da Asabar ana gudun neman gurbi, ana ɗaukar mota 16. Ranar Lahadi sai ka ci zagaye 4 kafin ka ɗauki kofin wannan mako. Ana yin haka a garuruwa kusan 20 a shekara, daga Fulorida har Kalifoniya. Yawancin ƙungiyoyin suna zaune ne a Brownsburg, kusa da Indiyanafolis, daga nan tireloli ke kwasar kaya su zaga ƙasar. Ga dizal, ga otal, ga albashin ma'aikata, ga inshora. Abin da aka saba ji a bakin masu ƙungiyoyi shi ne mota ɗaya mai neman kofi da gaske tana cin wajen dala miliyan 3 ko fiye a shekara. Wanda ya ci gasar mako kuwa, shekara da shekaru abin da ake ba shi bai wuce wajen dala 50,000 ba. Ɗauki biro ka lissafa. Ko duk gasar shekara ka cinye, wanda ba a taɓa yi ba, ba ka mayar da kuɗinka ba.

Shi ya sa nake ce muku wannan motar allon talla ce. Sunan da ke rubuce a jikinta shi ke biyan albashi, ba kofi ba.

Ba yau aka fara ba. A 1970 kamfanin kayan wasan yara na Mattel ya sa sunan Hot Wheels a motocin direbobi Don Prudhomme da Tom McEwen, daga nan manyan kamfanonin da ba ruwansu da kayan mota suka ga akwai kasuwa. Amma maganar gaskiya, kuɗin taba da na giya ne suka raini wasan nan. Tabar Winston ta riƙe sunan gasar gaba ɗaya daga 1975 har 2001. A 1998 kamfanonin taba suka yi yarjejeniya da jihohin Amurka wadda ta taƙaita musu talla a wasanni, aka bar kowa da guda ɗaya, masu Winston suka zaɓi wata gasar tseren motoci mai suna NASCAR suka saki dirag. Giyar Budweiser ta yi shekara 30 a jikin motar Kenny Bernstein, mutumin da ya fara haura mil 300 a awa a 1992. Da wani kamfanin waje ya sayi masu giyar a 2008, shekara ta zagayo aka yanke. Shi kansa Prudhomme, da duk sunansa, a farkon 2010 ya rufe ƙungiyarsa saboda babu kuɗin.

Wanda mai sharhin naka yake nufi, ina kyautata zaton Tony Schumacher ne. Sau 8 yana zama zakaran Top Fuel, babu wanda ya kai shi a ajin. Rundunar sojan Amurka ce ke ɗaukar nauyinsa tun 2000, suna amfani da motar wajen jawo matasa su shiga soja. Ƙarshen 2018 suka janye. Shekarar 2019 gaba ɗayanta bai yi tsere ba. Kuma ka ji abin mamakin, mahaifinsa Don Schumacher shi ne mai ƙungiyar, ƙungiya mafi girma a wasan a lokacin. Uban bai ce bari in zuba daga aljihuna ba. Ni ban ga laifinsa ba, ɗan kasuwa ne, ya san in ya fara wannan ba ranar dainawa.

John Force ma haka, wanda ya ci kofin Funny Car sau 16. Ƙarshen 2014 kamfanin baƙin mai na Castrol da Ford suka bar shi lokaci guda, bayan Castrol ta yi kusan shekara 30 tare da shi. Dattijo da shekarunsa ya koma bin ofisoshi yana neman mai saka suna. Ya samu Chevrolet da Peak, ya tsira, amma shi John Force ne. Ƙaramin direba da haka ta same shi, shi ke nan.

Akwai wanda ya fi tsaya mini a rai. A 2009 wani ɗan gidan sarautar Katar, Sheikh Khalid bin Hamad Al Thani, ya haɗa kai da Alan Johnson, gwanin saita inji, suka kafa ƙungiyar Al-Anabi. Kuɗi ba matsala. Suka ci kofin shekara a 2010 da Larry Dixon, 2011 da Del Worsham, 2013 da Shawn Langdon. Har direba ɗan Dubai suka kawo, Khalid alBalooshi. Janairun 2015, saura 'yan makonni a fara kaka, kuɗin Katar suka tsaya cak. Johnson ya kai motar gasar farko a Pomona haka nan, kuma Langdon ya ci. Kun ji? Mota babu babban mai ɗaukar nauyi ta ci gasar buɗe shekara. Duk da haka ba a samu wanda ya rungume ta ba, kafin shekara ta ƙare aka ajiye ta. Wannan kaɗai ya isa ya amsa tambayarka, ƙanena. Cin gasa daban, samun kuɗi daban.

Me ya sa kamfanoni ke ja da baya? Ni dai ga yadda nake gani. Motar daƙiƙa 4 take yi a talabijin, a guje, hayaƙi ya rufe ta. In aka fitar da kai a zagayen farko, to tallar miliyoyin daloli ta ƙare tun kafin azahar. A da manajan talla ba shi da hanyar auna komai, in yana son tsere sai ya sa hannu. Yau yana da Facebook da YouTube, suna nuna masa mutum nawa suka gani, nawa suka saya. Ga shi yawancin masu zuwa kallo manya ne, kamfanoni kuwa matasa suke farauta. Ita kanta hukumar ta ɗanɗana. Coca-Cola ta riƙe sunan gasar tun 2002, da sunayen abubuwan shanta, Powerade, sai Full Throttle, sai Mello Yello. Lokacin korona a 2020 ta fice ana tsakiyar kaka, har NHRA ta kai ta kotu. Mai kamfanin Camping World ne ya yi magana a Twitter, aka daidaita, ya karɓa. Daga 2024 kuma Mission Foods ke riƙe da sunan. Toyota ma ta sanar cewa bayan kakar 2025 ta gama.

To su wa suka rage? Nan ne abin yake. Duba waɗanda suka daɗe ba su girgiza ba. Steve Torrence ya ci kofi 4 a jere, 2018 zuwa 2021, sunan da ke motarsa Capco ne, kamfanin shimfiɗa bututun mai na gidansu a Tekzas. Gidan Kalitta suna da kamfanin jiragen dakon kaya, Kalitta Air, kuma DHL da ke jikin motarsu abokin cinikinsu ne a harkar jirage. Ka ga wannan ba talla ba ce kawai, ciniki ne ake ƙullawa ta bayan rumfa. Haka masu sayar da sifana da kayan gyara, irin su Matco da ke tare da Antron Brown da NAPA da ke tare da Ron Capps. Su lissafinsu yana fita, don a dirag duk mai tikiti yana iya shiga har inda ake kwance inji ya tsaya ya kalla, kuma da yawa cikin 'yan kallon makanikai ne. Kamfanin zai kafa rumfa, ya gayyato dillalansa, a ci a sha, a sa hannu a oda.

Sauran kuwa faci suke yi. Wannan mako sunan kamfani kaza, mako mai zuwa na wani, shi ya sa za ka ga mota ɗaya tana canja fenti kullum har ka kasa gane ta. Brown da Capps sun bar ƙungiyar Don Schumacher sun buɗe nasu a 2022, yanzu direba shi ne mai ƙungiya, shi ne mai bin kamfanoni da takarda. Wasu kuma gasa biyar ko shida suke zuwa a shekara, waɗanda ke kusa da gida, da kayan da manya suka gama amfani da su suka sayar musu. Irin waɗannan sukan ɗaga ƙafa kafin layi don kada inji ya fashe, tunda babu na canji.

Wani zai ce to a rage ƙarfin injin mana, kuɗi su sauka. An sha kawo maganar. Matsalar ita ce 'yan kallo ƙarar nan da gudun nan suke biya su gani, kuma manyan ƙungiyoyi sun tara kayan miliyoyi a kan tsarin da ake kai, sabuwar doka na nufin su zubar su sake saye. Ni ra'ayina da sun daure sun yi tun tuni, don mai kallo a kan benci ba ya bambance gudun mil 310 da 330 a awa, amma yana gane in layi ɗaya babu mota.

Filayen ma suna tafiya. Na Englishtown ya daina dirag a 2018, na Atlanta ya rufe bayan 2021, na Hustan ya yi gasar NHRA ta ƙarshe a 2022, Bandimere a Kolorado ya rufe a 2023. Gari ya ci ya iso su, ƙasar ta yi tsada, sayarwa ta fi tsere riba.

In kana kallo nan gaba, kada ka tsaya kan wanda ya ci. Duba jerin ranar Asabar, ka ƙirga ko mota 16 sun cika. In ka ga 14 ko 15, ka ga wani yana gudu shi kaɗai a zagayen farko, to wata tirela ce ba ta baro gida ba. Alhaji, na ga ka tambayi batun tayar baya da ke lanƙwashewa lokacin tashi, wannan sai gobe in Allah ya kai mu, cajina ya kusa ƙarewa. A tashi lafiya.