Amsa ga 'yata a Ingila kan yadda Turawa suke ɗaukar rashi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, saƙonki ya iso, kuma na gane abin da ya ɗaure miki kai. Kin ce mijin wata Baturiya abokiyar aikinki ya rasu, an kusa mako uku kafin a yi jana'iza, ba ki ga zaman makoki ba, ita kuma ta dawo bakin aiki cikin tufafinta na kullum, amma ana ta ambaton kalmar grief a kanta kamar wani ciwo ne take jinya. Kina son sanin ma'anar kalmar da abin da ya dace ki yi wa matar.

Kalmar baƙuwa ce a Ingilishi. Bayan da Wiliyam na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kuma ta wannan ƙofa ta shigo, har ta bayyana a rubuce a ƙarni na 13. Tushenta kalmar Latin ce, gravis, wato abu mai nauyi. Da farko kowace wahala ana kiranta da ita, ko ciwon jiki ne, ko cutar da wani ya yi wa mutum, shi ya sa har yau ƙorafin da ma'aikaci yake kaiwa gaban shugabanni suke ce masa grievance. Sannu a hankali ma'anar ta tattaru a kan nauyin da ke danne zuciya, musamman na mutuwa. Za ki kuma ji wani ya ce good grief don mamaki ko gajiya kawai, kada ki tsorata ki zaci rasuwa aka yi.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne, suna da wata kalma dabam, mourning, wadda ita ce gadon kakanninsu tun kafin zuwan Faransanci, kuma ita ce ta shafi abin da ido yake gani: tufafi, da zama, da ƙaurace wa shagali. A zamanin Sarauniya Biktoriya wannan ɓangaren yana da dokoki masu tsauri ƙwarai. Mijinta Albat ya rasu a watan Disamba na 1861, ita kuwa ba ta daina sa baƙaƙen kaya ba har ta bar duniya a 1901. Matar da mijinta ya mutu a gidajen masu hali takan yi shekara guda da kwana ɗaya cikin baƙi wuluk da lulluɓi a fuska, sannan a sassauta mata kaɗan-kaɗan, sai bayan shekara biyu ko fiye ta fara sa ruwan toka ko shunayya mai haske. Ko ado za ta yi, sai da wani baƙin dutse da ake haƙowa a Witbi, a gaɓar tekun Yokshaya, kuma takardar da za ta rubuta wasiƙa a kai tana da baƙin layi a gefe, don mai karɓa ya san halin da gidan yake ciki tun kafin ya karanta. Ga talaka wannan ɗawainiya ce babba, domin wasu sai sun rina tsofaffin kayansu.

Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, shi ya karya lagon al'adar, domin mutuwa ta yi yawa har ya zama ba zai yiwu kowace bazawara ta shige ɗaki ba alhali ana bukatar mata a masana'antu. Tun daga nan alamomin waje suka yi ta raguwa, aka bar wa mutum nauyinsa ya ɗauka shi kaɗai. Jinkirin jana'izar da kika gani kuwa ba halin ko-in-kula ba ne: sai an yi rajistar mutuwar, wani lokaci sai mai binciken musabbabin mutuwa ya gama aikinsa, sannan a jira layi a coci ko a wurin ƙona gawa, wanda shi ne zaɓin mafi yawansu a yau.

A ganina, mu namu tsarin ya fi tausaya wa wanda aka yi wa rashi a kwanakin farko, domin kwana uku gida cike yake da masu ta'aziyya, maƙwabta suna kawo abinci, mace kuma tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma wadda kowa ya san da ita. Abokiyar aikinki ba ta da irin wannan rumfa, saboda haka kada dawowarta aiki da murmushinta su sa ki zaci ta warke.

Ki sayi katin ta'aziyya ki rubuta da hannunki, ki ambaci sunan mamacin, domin suna jin daɗin a kira shi. Kada ki fassara mata "ki yi haƙuri" kai tsaye, don a kunnensu yana iya zama kamar kina cewa ta cika gajen haƙuri. Ki ce mata kin yi baƙin cikin rashin da ta yi, ya wadatar. Fure karɓaɓɓe ne, sai dai idan iyalan sun nemi a ba wata ƙungiyar agaji kuɗin. Kada ki faɗa mata gida ba sanarwa kamar yadda muke yi, ki fara kira, kuma in za ki je ki tafi da abinci marar yaji sosai. Mafi amfani shi ne ki sake nemanta bayan wata biyu ko uku, da lokacin Kirsimeti, da ranar da shekara ta zagayo, domin a lokacin masu jaje sun watse. Batun shiga coci idan an yi taron tunawa da shi kuwa, ki tambayi malamin masallacinku a can, shi ya fi ni sanin hukuncin da yanayin wurin.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa kan yara. Wassalam.

Baffanki.