Tambayoyin Masu Karatu: Yadda foldar ofis za ta riƙa haɗuwa da kanta idan ma'aikaci ya shiga kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin casar shinkafa da ke Birnin Kebbi. Muna da kwamfutoci masu Windows a ofisoshi da sabar guda ɗaya, wadda ke riƙe da takardun sashen kuɗi da na sito da na ma'aikata. Duk wanda aka ɗauka aiki sai na je teburinsa na haɗa masa foldarsa da hannu, kuma kusan kullum da safe ana kirana cewa harafin da ke wakiltar foldar a kwamfuta ya fito da jar alama, ya ƙi buɗewa. Wani abokina ya rubuta mini ɗan fayil na umarni mai ɗauke da sunana da kalmar sirrina, ya ce in saka shi a kowace kwamfuta. Shin hanyar ke nan, ko akwai wadda ta fi ta? Daga mai karatu a Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fayil ɗin abokin naka kada ka saka shi ko a kwamfuta ɗaya. Irin wannan fayil, wanda yawanci yake amfani da umarnin net use, rubutu ne zalla da kowa zai iya buɗewa da Notepad ya karanta, saboda haka kalmar sirrin mai kula da sabar za ta zama a hannun duk wanda ya zauna a kujerar, har da ɗan hidimar ƙasa da zai bar ku bayan shekara guda. Ƙari a kan haka, duk takardar da aka goge ko aka sauya, da sunanka aka yi, kuma ranar da lissafin buhuna ya ɓace kai za a tuhuma. Kamfanin Microsoft da kansa, a watan Mayu na 2014, ya toshe damar ajiye kalmar sirri a cikin sashen haɗa foldoji na Group Policy, wato tsarin da sabar ke rarraba dokoki ga kwamfutocin ofis, domin an gano cewa warware ta ba wuya.

Idan sabar taku tana da Windows Server da Active Directory, wato rajistar asusun ma'aikata da kwamfutoci, kuma kwamfutocin sun shiga domen, wato suna ƙarƙashin kulawar sabar, to abin da kake nema yana nan tun fitowar Windows Server 2008. Ka buɗe Group Policy Management, ka ƙirƙiri sabuwar doka, ka bi ta User Configuration zuwa Preferences, sannan Windows Settings, inda za ka ga Drive Maps. A nan za ka rubuta adireshin foldar, misali \\sabar\kudi, ka ba ta harafi kamar K, kuma tun da dokar mutum take bi ba na'ura ba, duk kwamfutar da akawu ya shiga da sunansa zai tarar da foldarsa. Windows zai gabatar da shi ga sabar da shaidar da ya riga ya shiga da ita, don haka babu buƙatar rubuta kalmar sirri a ko'ina. Sai dai ka duba nau'in Windows ɗin tukuna, domin nau'in Home, wanda yake zuwa a kan kwamfutoci da dama da ake saya a kasuwa, ba ya shiga domen, sai Pro ko Enterprise ko Education.

Inda aikin yake da daɗi shi ne rarraba foldoji bisa sashe. Ka kafa rukuni a Active Directory ga kowane sashe, ka zuba ma'aikata a ciki, sannan a shafin Common na kowace folda ka kunna Item-level targeting, ka ce wannan harafi na 'yan wannan rukuni ne kaɗai. Daga nan sabon ma'aikaci ba ya buƙatar ka taka zuwa teburinsa, sanya sunansa a rukuni ya wadatar, kuma idan aka mayar da shi wani sashe, sunan kawai za ka matsar. Amma ka sani cewa ɓoye harafi ba kulle folda ba ne: wanda ya san adireshin zai iya rubuta shi ya shiga, matuƙar ba ka taƙaita izini a kan foldar kanta ga rukunin da ya dace ba. Wajen zaɓen mataki, wato Action, na kowace folda a Drive Maps kuwa, ni na fi son Update a kan Replace, saboda Replace yana cire haɗin ya sake ƙulla shi, kuma kwamfuta tana sabunta dokokinta kusan duk bayan minti 90, abin da kan iya katse mutum yana tsakiyar aiki a Excel.

Batun jar alama da safe, mafi yawan lokaci gaggawa ce take jawo shi. Windows yana barin mutum ya shiga da shaidar da ya ajiye tun jiya kafin layin ofis ya gama tashi, kuma a wurin da ake jiran janareta, kwamfutar tebur takan riga sabar farkawa da mintuna. Sau da yawa danna harafin sau biyu bayan ɗan lokaci yakan gyara shi. Magani mai ɗorewa shi ne ka ɗora sabar da akwatin da wayoyin layi suke haɗuwa a kan inbata ko batirin ajiya, sannan ka kunna dokar nan mai suna Always wait for the network at computer startup and logon, wadda za ta ɗan jinkirta shiga amma ta tabbatar an karanta dokoki.

Idan kwamfuta ɗaya ce ta kafe, ka dubi agogonta. Tsarin tantancewa na Kerberos ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da sabar, kuma tsohuwar na'ura da ƙaramin batirinta na ciki, CR2032, ya mutu takan tashi da kwanan wata na shekarun baya duk lokacin da aka ɗauke wuta. Bayan agogo sai DNS, tsarin da ke mayar da sunan na'ura zuwa adireshinta: dole kwamfutar ta riƙa tambayar sabar domen, domin idan wani ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, sunan sabar ba zai samu ba. Umarnin gpresult /r zai nuna maka ko dokar ta isa ga mutumin da kuma rukunan da yake ciki, kuma wanda aka sanya a sabon rukuni sai ya fita ya sake shiga kafin canjin ya kama.

Idan kuwa abin da kuke kira sabar akwatin ajiya ne kawai ba tare da domen ba, ka buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa a kan akwatin, ka haɗa foldar sau ɗaya tare da zaɓin Reconnect at sign-in, Windows ya riƙe shaidarsa. Tsohon akwatin da ya nace sai an kunna masa SMB1, tsohuwar hanyar raba fayiloli ta Windows, kuwa a sabunta manhajarsa ko a sauya shi, domin ta wannan tsohuwar ƙofar ce cutar kwamfuta ta WannaCry ta bazu a shekarar 2017.