Rigakafin Maleriya: Daga Ina Ya Fito?

Tambaya: Malam, an yi wa ɗana allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, amma surukata na ɗari-ɗari da ita. Su wa suka haɗa ta?
— Wata uwa, Birnin Kebbi

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar wa Inna da hankali. Sunan allurar R21, masanan Jami'ar Oxford ta Ingila suka ƙirƙiro ta, kamfanin Serum na Indiya ke sarrafa ta. An gwada ta a kan dubban yaran Afirka, har da na Mali da Burkina Faso, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2023. Na sha ganin yaro na jijjiga a bayan uwarsa da damina, shi ya sa nake roƙonki: ki cika masa allurar sau huɗu, yana wata 5, 6, 7 da 15. Gidan sauro kuma kada a naɗe shi.